Murhun itace na cikin bango: a ina zan auna zafi, kuma wace lamba zan yarda da ita?

Bazazzage a Minisota

Assalamu alaikum jama'a. An ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, shi ya sa na kawo kukana wajen waɗanda suka daɗe a ƙasashen sanyi, musamman masu ƙona itace a gida.

Shekara biyu ke nan da muka sayi gida a wani ƙaramin gari arewa da birnin Miniyafolis, a jihar Minisota ta Amurka. A falon akwai tsohon murhun jan bulo irin wanda ake ginawa a jikin bango. Mai gidan na da ya sa an cusa akwatin ƙarfe mai ƙofar gilas a cikin ramin, aka zura bututun ƙarfe mai faɗin inci 6 daga kan akwatin har ƙololuwar gini. Gefe da gefe da sama duk an rufe da faifan baƙin ƙarfe. Abin da ido ke gani kawai ƙofa ce, sai wata 'yar tsaga a samanta inda iska mai zafi ke fitowa idan fanka ta tashi. Bututun hayaƙin kuwa ko inci ɗaya ba a gani.

Hunturun farko ban san da zancen ma'auni ba. Ina zuba itace, da ya kama sai in toshe iska sosai don wutar ta kai mu asuba, saboda kuɗin gas ya yi mana nauyi. A watan Satumba na kira mai share bututu. Da ya gama ya kira ni ya nuna mini abin da ya kankaro, kusan rabin bokiti. Wani kamar garin gawayi, wani kuma ɓawo-ɓawo mai ƙyalli kamar busasshiyar kwalta. Na san kunkunniya tun a madafin kakata a Zariya, wadda ke reto a jikin azara, amma wannan daban ce. Tana da nauyi a hannu, warinta yana kama maƙogwaro. Ya ce sunanta kiriyosot, ita ce ke kamawa da wuta a cikin bututu, kuma abin da ke tara ta shi ne wuta mai sanyi da hayaƙi. Ya ce in sayi ma'aunin zafi.

Na sayo irin mai mayen ƙarfe, mai allura da launi uku. A jikin kwalin an ce a manna shi a bututu, kamar inci 18 sama da murhu. To ni ina na ga bututu? Sai na manna shi a goshin akwatin, kusurwar dama sama da ƙofa. Tun daga lokacin allurar ba ta cika wuce 280 zuwa 320 a ma'aunin Farenhait ba, ko da wuta tana ci bal-bal. Tsoron kiriyosot ya sa na koma barin iska a buɗe ina jiran allura ta hau.

Daren Talatar da ta wuce sanyi ya kai 24 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Na cika akwatin taf da ƙananan faskare na itacen ash, busasshe ƙarau. Wannan itacen ya yi yawa a wajenmu yanzu saboda wani koren ƙwaro da ke kashe bishiyoyin, wanda aka fara gani a jihar nan a 2009. Na bar iska a buɗe na tafi na yi sallar isha'i, na kwantar da yara. Bai fi minti 35 ba. Ina saukowa na ji ƙarfe yana ƙas-ƙas, falo ya cika da warin ƙonannen fenti. Na kashe fitila na durƙusa na leƙa ta tsagar nan, sai na hango can ciki, wajen da bututu ya haɗu da akwati, ƙarfen ya yi ja-ja kamar garwashin da ya fara mutuwa. Allura kuwa tana kan 430, a tsakiyar launin da ke cewa komai lafiya. Na rufe iska, na ƙure fanka, na zauna a gabansa har ƙarfe ɗaya na dare. Ɗakin yarana yana saman falon nan, bututun a bayan bangonsu yake wucewa.

Don Allah masu irin wannan murhun, a ina kuke auna zafi? Akwai hanyar sanin zafin hayaƙin da ke cikin bututun da ba a gani? Kuma wace lamba ce idan na gani zan san lokacin rage iska ya yi?

Dattijo a Ontariyo

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya ƙara tsarewa. Ka yi daidai da ka rufe iska ka ƙure fanka, kuma ka yi daidai da ba ka watsa ruwa ba, don ruwa a kan ƙarfe da gilas masu wannan zafin ɓarna zai ƙara.

Hunturu goma sha ɗaya ke nan ina ƙona itace a irin akwatin nan naka. Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne akwatin biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya. Na ciki shi ne wuta ke ci a cikinsa. Na waje riga ce kawai, tsakaninsu akwai rata wadda fanka ke tura iska ta ciki, ta bi ta baya, ta hau sama, ta fito ta tsagar da ka leƙa. Ainihin saman murhun shi ne ƙarfen da ka ga ya yi ja. Goshin da ka manna ma'auninka yana nesa da wurin, ga kuma iskar fanka tana shafarsa. A nawa, bambancin goshi da ainihin sama yana kai 150 har 200, kuma idan wuta ta yi ƙarfi ratar ƙaruwa take yi. Ƙarfe ba ya fara nuna ja a cikin duhu sai ya kai wajen 900 na Farenhait, wato kusan 480 na Salshiyas. To ka ga nisan da ke tsakanin abin da allura ta gaya maka da abin da ke faruwa.

Sannan launukan da ke jikin ma'auninka ba don wurin da ka sa shi aka yi su ba. Ma'aunin nan iri biyu ne. Na bututu, wanda ka saya, an zana shi ne don bayan bututu mai bango ɗaya: ƙasa da 250 sanyi, daga nan zuwa wajen 475 daidai, sama da haka zafi ya yi yawa. Na saman murhu kuwa daidai ɗinsa daga 400 ne zuwa 650. Ka manta da launi, ka dubi lamba.

Abin da nake amfani da shi shi ne ma'aunin nan mai kama da bindiga. Ya yi kama da wanda aka riƙa saita mana a goshi lokacin korona, amma ba shi ba ne, na goshi iyakarsa zafin jikin mutum. Ka nemi wanda ke kaiwa 1,000 ko fiye a shagon kayan gini. Ka durƙusa ka saita shi ta cikin tsagar, ka nufi tsakiyar saman, dab da gindin bututu, nan ne ya fi ko'ina zafi. Ka matsa kusa sosai, don jan ɗigon nan saiti ne kawai, wurin da yake aunawa faɗi yake ƙarawa idan ka yi nisa, sai ya haɗa maka da rigar waje ya rage lambar. Kada ka auna gilas, kada ka auna ƙarfe mai sheƙi, baƙin fenti yake karantawa daidai. Ka zaɓi wuri ɗaya ka riƙe shi kullum.

Ni ga yadda nake yi. Idan sama ya kai 400 na fara rage iska kashi-kashi, ba gaba ɗaya ba. Ina so ya zauna tsakanin 500 da 650. Idan ya taɓa 700 na tashi tsaye a kansa. Ba na ƙara itace sai ya sauko wajen 300, garwashi ne kawai ya rage, don zuba busasshen itace a kan garwashi mai yawa da zafi shi ne ke sa wuta ta ƙwace. Kuma ƙananan faskare da ka cika da su sun taimaka wajen abin da ya faru, duk sun kama lokaci ɗaya. Na dare manya ake sawa. Ka duba littafin murhunka ma, idan masu ƙera shi sun ba da lamba, tasu ce gaba da tawa.

Wani abu da na ga ya rikita ka shi ne tsoron kiriyosot, wato zancen 250 ɗin nan da na ambata. Gaskiya ne idan hayaƙi ya huce ƙasa da haka a cikin bututu, tururi da kwaltar da ke cikinsa suna naso a bango su daskare. Amma sai akwai hayaƙin. Idan itace ya gama ci ya koma garwashi zalla, abin da ke zama kiriyosot ya riga ya ƙone, ko allura ta sauko 200 babu komai. Lokacin da ake tara ta shi ne awa ɗaya zuwa biyu na farko, idan aka shaƙe wuta tun ba ta kankama ba, kamar yadda ka yi hunturun farko. Ka riƙa fita waje bayan minti 20 da hura wuta ka ɗaga kai. Idan abin da ke fita ta saman bututu iska ce mai rawa kawai, ko farin tururi da ke ɓacewa nan da nan, wutarka lafiya. Idan shuɗi ne ko toka-toka yana jan jela har gidan maƙwabci, ƙara iska.

Kafin ka sake hura shi, bari ya huce sarai ka duba ciki da tocila: farantin da ke saman wuta ko ya lanƙwashe, ƙananan bututun iska masu huji-huji ko sun saki, wuraren walda ko akwai tsaga. Ka kuma sa takarda a bakin ƙofa ka rufe ka ja. Idan ta zare cikin sauƙi, igiyar da ke toshe ƙofar ta mutu, iska tana shiga ta inda ba ka da iko da ita.

Injiniya a Ohayo

Baba Dattijo, Allah ya ƙara lafiya, kun gama magana a kan saman murhu. Ina so in ƙara a kan bututu, don a ganina shi ne ya fi dacewa da halin da Malam ya shiga, kuma a nan na ɗan saɓa da ku kaɗan.

Ƙarfen sama yana da nauyin jiki. Kafin ya nuna cewa wuta ta yi yawa, an yi minti goma ko sha biyar da faruwar abin. Hayaƙin cikin bututu kuwa nan take yake amsawa. Ka taɓa marikin iska, kafin ka ƙirga talatin ka ga lamba ta motsa. Sannan bindiga sai kana tsaye a wurin take aiki, Malam kuma yana sama wajen yara abin ya faru.

Abin da na yi a nawa shi ne na sa wayar auna zafi da ake kira tamokoful, nau'in K. Waya ce ta ƙarafa biyu daban da aka haɗa bakinsu, zafi na sa su fitar da 'yar wutar lantarki kaɗan, wani ɗan akwati mai allo ya mayar da ita lamba. Tana jure zafin da ya wuce 2,000 na Farenhait. Ana cire faifan da ya rufe gaba, yawanci kusoshi ne 'yan kaɗan ko maƙalai, sai ga gindin bututun a fili. Hanya biyu ce. Ko a huda ɗan ƙaramin rami a soka tsinken aunawa har tsakiyar bututun, ko a ɗaure mai kan zobe a bayansa da maɗaurin ƙarfe. Ni tsinke na sa, amma na bari sai ranar da mai share bututu ya zo muka yi tare, shi ya huda. Malam, ina ba ka shawarar haka, don kada ka taɓa abin da zai jawo maka magana da inshora ko garanti. Wayar ka tabbata mai rigar saƙar ƙarfe ce, ka zaro ta ta gefen faifan, allon ya zauna nesa da zafi.

Lambobin biyu ba ɗaya ba ne, a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Zafin bayan bututu yakan zama wajen rabin na hayaƙin da ke ciki. Na ciki, abin da aka saba ɗauka daidai shi ne 400 zuwa 900. Kuma a murhun cikin bango ba za ka samu inci 18 ɗin nan ba, inda hannunka zai kai bai fi inci 6 ko 8 daga akwati ba, don haka lambarka za ta ɗan fi ta masu murhun tsakar ɗaki. Nawa idan na zuba sabon itace yana hawa da sauri. A 600 nake rage iska zuwa rabi, ya ɗan tsaya, ya sake hawa, in rage zuwa kwata, daga nan in kai ta kusan ƙarshe. Sai ya zauna tsakanin 550 da 650 na awa biyu, yana sauka a hankali. Abin da zai ba ka sha'awa shi ne a daidai lokacin da na bututu ke sauka, na saman murhu hawa yake yi. Ma'ana zafin ya daina gudu ta sama, yana zama a cikin gida. A lokacin za ka ga harsunan wuta suna fitowa daga hujojin ƙananan bututun nan na sama kamar na kukar gas, suna lilo a hankali. Hayaƙin ne da kansa yake ci, kuma ba ya kamawa sai cikin akwatin ya kai wajen 1,100. Wanda ya bar iska a buɗe yana tura wannan zafin ne waje, ga itace na ƙarewa da wuri.

Babban amfanin allon shi ne ƙararrawa. Na saita nawa a 900. Sau biyu ya kira ni daga kicin a hunturun bara.

Tunda za a cire faifan, ka sa a duba maka abu biyu. Shin bututun an naɗe shi da bargon hana zafi fita? Idan ginin jan bulon a bangon waje yake, bututu tsirara yana hucewa sosai kafin hayaƙi ya kai sama, shi ya sa can ƙarshensa na sama ya fi tara datti. Sannan ko an toshe maƙogwaron tsohon murhun da farantin ƙarfe a kewayen bututun, don in babu, zafi mai yawa yana sulalewa ta nan.

Maman Yara a Ingila

Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba. Namu ƙarami ne, kuma sanyinmu bai kai naku ba, amma mun sha wahalar baƙin gilas da datti a bututu shekarar farko, ashe itacen ne ɗanye. Ka sayi ɗan ma'aunin danshi mai allura biyu. Ka shigo da faskare ɗaya ya kwana a ɗaki, ka sake tsaga shi, ka soka allurar a sabuwar fuskar. Kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. A nan tun watan Mayun 2021 doka ta hana sayar da jiƙaƙƙen itace a ƙananan ɗauri saboda haka. Idan kana jin itace yana tsiii, ruwa na kumfa a bakinsa, to babu lambar da za ta zo maka daidai.

Kuma don Allah ina na'urar gano iskar nan mai guba marar wari? Dukanmu mun san labarin masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu a gida. Ita ce dai wannan iskar. Ka sa ɗaya a falo, ɗaya a ƙofar ɗakin yara, ka duba batir.

Bazazzage a Minisota

Jama'a Allah ya saka muku da alheri. Na yi shiru ne sai na gwada abin da kuka faɗa, yau kwana goma sha shida.

Baba Dattijo, takarda ta zare a kusurwar ƙasa ta hagu kamar ba a rufe ƙofa ba. Na canza igiyar. Farantin sama ya ɗan yi ciki kaɗan, mai share bututu ya duba ya ce zai kai ƙarshen hunturu, walda kuma babu tsaga, alhamdu lillahi. Na sayi bindigar. Ranar farko allurar goshi tana 310, na saita ta cikin tsaga sai ga 585. Na daɗe a durƙushe ina kallon lambar nan. Wato duk watannin da nake ganin wutata ta yi sanyi ina ƙara mata iska, tana daidai inda ake so.

Injiniya, an soka tsinken, inci 7 sama da akwati. Na yi dare biyar ina rubuta lambobi uku a littafi duk minti goma: bututu, sama, goshi. Nawa ya fi son in fara rage iska a 650, in na yi a 550 harsunan saman nan mutuwa suke yi gilas ya fara duhu. Yanzu cikin minti 20 zuwa 25 na gama saita shi, kuma ba na barin falon sai na gama, sallar isha'i ma a nan gefe nake shimfiɗa darduma idan lokacin ya haɗu. Itacen da nake zubawa ƙarfe goma na dare ina tarar da garwashinsa da asuba, abin da a da sai na shaƙe wuta nake samu. Bututun ba shi da bargo, farantin maƙogwaro ma babu. Mun yi da mutumin zai dawo a watan Mayu.

Maman Yara, kin yi gaskiya. Ash ɗin ya nuna 17, amma itacen oak da na saya bara aka ce mini busasshe ne ya nuna 29 a ciki. Nauyinsa da taurinsa kamar ƙirya, ashe yana son shekara biyu ko fiye bayan an faskara shi. Shi na ƙona hunturun farko. Na jera shi a bayan gida na rufe samansa kawai, sai baɗi. Na'urar iska akwai ɗaya a sama, don dokar jihar nan ta ce a sa cikin ƙafa 10 daga ɗakin kwana, amma ta tsufa, na sayi sababbi biyu.

Saura tambaya ɗaya. Fanka tana tashi da kanta tun sama bai kai 350 ba, sai in ga lambar ta tsaya cak. In kashe ta da farko ne?

Dattijo a Ontariyo

Madalla, ƙanena. E, idan daga sanyi ka hura, bar ta a kashe sai sama ya wuce 400 kuma harsunan saman sun kama sosai, sannan ka kunna ta a ƙaramin gudu. Idan a kan garwashi ka ƙara itace, akwatin yana da zafinsa, ba sai ka taɓa ta ba. Ka tuna kuma ranar da aka ɗauke wutar lantarki babu fanka, to ranar rabin itace za ka zuba, kuma allon Injiniya ma ka tanadar masa batir. A tsakiyar Fabrairu ka sa a leƙa maka saman bututun sau ɗaya tunda ba shi da bargo. Idan dattin ya kai kaurin kashi ɗaya cikin takwas na inci, a share kafin Mayun.